CIWON SHANU DA KASUWAR KURMI: INA MUKA TSAYA, INA WASU ƘASASHE SUKA KAI?

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Duk wanda ya kwana a bakin hanyar Mokwa zuwa Jebba ya san abin da ake nufi da fataucin shanu a ƙasar nan. Tun daga faɗuwar rana har asuba manyan motoci ne ke bin juna, ƙahoni sun cika su, yaran shanu na zaune a kan ƙarafa, kowa ya nufi Kurmi. Wasu Akinyele ta Badun za su sauke, wasu Kara ta bakin Ikko, wasu kuma sai mayankar Oko-Oba ta Agege. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi da waɗannan motoci suke ci: fatoma da dillali da mahauci da mai tsire da mai sayar da ganda, har da mai shayin da ke bakin kara.

Tambayar da nake so mu duba yau ita ce, wa ya shaida lafiyar sāniyar da ke cikin motar nan? In kuma ba wanda ya shaida, me zai faru da abincin dubban 'yan'uwanmu ran da wata hukuma a Kudu, ko wata ƙasar waje, ta ce ba ta yarda da shanunmu ba?

ABIN DA YA FARU A GAJIRI

Ba tatsuniya ce ta kawo wannan tambaya ba. A watan Yuni na 2023 Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta yi gargaɗi cewa ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks, ya ɓulla a arewacin Gana wajen iyakarta da Burkina Faso da Togo, har ta shawarci jama'a su dakata da cin ganda. Mutane da yawa sun ɗauki abin wasa. Ba a yi wata guda da Babbar Salla ba sai ga labari daga nan Jihar Neja. Ran 17 ga Yuli 2023 Gwamnatin Tarayya ta bayyana cewa an tabbatar da ciwon a wata gona da ke Gajiri, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Suleja. Gonar tana da shanu da tumaki da awaki. Dabbobi takwas suka mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci da kunne da ido da dubura. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, ita ta gwada ta tabbatar.

Kafin watan ya ƙare Gwamnatin Jihar Legas ita ma ta ce ta sami dabbobi shida masu ciwon a Agege da tsibirin Ikko, ta ƙwace su ta ƙone. A watan Janairu na 2025 kuma aka sake tabbatar da shi a wata gona a Jihar Zamfara.

Ciwon saifa ba ya tsayawa kan dabba. Mai fiɗa da mai jima da wanda ya ci naman duk yana iya kama su. Ƙwayarsa in ta sha iska sai ta yi wa kanta ɓawo, ta zauna cikin ƙasa shekaru da dama tana jiran wata dabbar ta zo kiwo. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa dabbar da ta faɗi haka nan, jininta baƙi kuma ba ya daskarewa, kada a feɗe ta, a ƙone ko a binne ta da zurfi.

Abin yabo a labarin Gajiri shi ne an kai rahoto, an gwada, an faɗa wa duniya cikin 'yan kwanaki. Abin tsoro kuwa shi ne wannan gona ce ta bakin titi, kusa da Abuja. Da a wata ruga ce can cikin dajin Mariga ko Rafi, wa zai ji?

DARASIN BUSHIYA

Dattawan Fulani ba sa buƙatar a gaya musu abin da annobar shanu ke yi. Bushiya ta share garake a ƙasar Hausa da Barno wajen shekarun 1890. Ita ce kuma sanadin kafa Ƙungiyar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Duniya a Faris a 1924, bayan da wasu shanun Indiya da ake kaiwa Barazil suka yada zango a tashar jiragen ruwa ta Antwerp a 1920 suka bar wa Beljiyam cutar. A wannan shekara ta 1924 ne aka kafa ɗakin binciken Vom. Wato tun asali fatauci ne ya haifi dokokin lafiyar dabbobi na duniya.

A 1961 shugabannin ma'aikatun dabbobi na Afirka suka yi taro a Kano, suka shirya gangamin allura na haɗin guiwa da aka sani da JP15. An fara shi a 1962 a ƙasashen bakin Tafkin Chadi, wato Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ya bazu zuwa ƙasashe 22 kafin a rufe shi a 1976. Bushiya ta yi kamar ta mutu. To, da kuɗin agaji ya ƙare sai ƙasashe suka yi sakaci, aka daina yi wa maruƙa allura, aka daina sa ido. Sauran cutar ta ɓuya a wajen iyakar Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan, sa'an nan ta dawo. A 1983 ta shigo ta Barno ta ratsa ƙasar nan, an ƙiyasta asarar da Nijeriya ta yi da kimanin dalar Amurka miliyan 2,000.

Sai da aka sake sabon gangami na Afirka baki ɗaya daga 1986, aka haɗa allura da bin diddigin kowane rahoto, kana aka ga bayanta. An ga ta ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 kuma aka yi shelar cewa babu sauran bushiya a duniya.

Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, cutar shanu ba ta san kan iyaka ba, ƙasa ɗaya ba ta iya kashe ta ita kaɗai. Na biyu, allura ba tare da sa ido ba kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Bushiya ta tafi, amma 'yan'uwanta suna nan: ciwon huhu, da ciwon baki da kofato wanda makiyaya ke kira boru, da bakkale mai sa ɓari, da tarin shanu, da saifa. Biyun farko su ne manyan masu rufe kasuwa. Ita waccan ƙungiya ta Faris tana ba ƙasashe takardar shaidar cewa sun tsarkaka daga boru ko ciwon huhu, ko dai ƙasa duka ko wani yanki nata, kuma wannan takarda ce masu sayen nama na duniya ke fara tambaya. Nijeriya ba ta da ita a kan ko ɗaya daga cikin biyun.

BOTSUWANA DA NAMIBIYA: SHINGE DA ALAMA

A Afirka ƙasashen da suka fi nisa a wannan fage su ne Botsuwana da Namibiya. Tun cikin shekarun 1950 Botsuwana ta fara kafa shingen waya mai ɗaruruwan mil, ta raba ƙasar shiyya-shiyya, don raba shanu da ɓaunar daji wadda ke ɗauke da boru. Ba a fid da sāniya daga wata shiyya zuwa wata sai da takarda. Suna da hukumar nama mai babbar mayanka a Lobatse, da masana'antar allurar boru tasu tun ƙarshen shekarun 1970, kowace sāniya kuma tana da lambarta. Da haka naman Botsuwana ya shiga kasuwar Turai.

A 1995 ciwon huhu ya ɓulla a lardin Ngamiland na arewa maso yamma. Da aka kāsa tsare shi, gwamnati ta yanke shawarar kashe shanun lardin kaf, wajen 320,000, ta biya masu su diyya, wani kashi kuɗi wani kashi sababbin shanu. Cutar ta ƙare, kasuwa ta tsira, amma talakawan lardin sun daɗe ba su farfaɗo ba. A watan Agusta na 2022 ma, da aka yi zaton boru a arewa maso gabas, ita Botsuwana da kanta ta dakatar da fitar da nama kafin masu saye su ce uffan.

Namibiya ma haka. A watan Fabrairu na 2020 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta aika naman shanu Amurka, tan 25 a tashin farko, bayan shekara 18 ana kai da kawowa. Amma shingenta, wanda ake kira Jan Layi, ya raba ƙasar biyu. Manyan gandayen kudu su ke cin kasuwar Turai, ƙananan makiyayan arewa kuwa, inda jama'a suka fi yawa, suna kukan cewa shingen ya tauye su, har magana ta kai kotu.

BARAZIL DA TURAI: HAƘURI DA HANZARI

Barazil, mai shanu fiye da miliyan 200, ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu. Hanyarta allura ce, shekara da shekaru, bisa tilas, jiha bayan jiha, tare da maƙwabtanta na Kudancin Amurka waɗanda suka kafa cibiyar yaƙi da boru tun 1951. Boru na ƙarshe ya ɓulla can a 2006. A 2018 aka shaidi ƙasar duka a kan ta tsarkaka amma tana allura, a watan Mayu na 2025 kuma aka shaide ta a kan ta tsarkaka ba tare da allura ba. Aikin fiye da shekara 60 ke nan, gwamnatoci sun zo sun wuce ba a yar da shi ba.

Daga Turai kuwa darasin hanzari za mu ɗauka. A watan Fabrairu na 2001 aka gano boru a wata mayanka a Ingila, amma kafin a hana zirga-zirgar dabbobi tumaki sun riga sun rarraba cutar ta kasuwanni. An kashe dabbobi sama da miliyan 6, asara ta kai wajen fam miliyan 8,000. A watan Janairu na 2025 Jamus ta ga boru karo na farko tun 1988, a wani ɗan garken ɓauna kusa da Balin. Nan da nan Ingila da Koriya ta Kudu da Meziko suka rufe wa namanta ƙofa. Amma da yake an tsare cutar a garke ɗaya, cikin kimanin wata uku Jamus ta karɓo takardar shaidarta. Bambancin ƙasashen biyu kwanaki ne kawai tsakanin faɗuwar dabba da isar labari.

MAƘWABTA MASU KAMA DA MU

Mai karatu zai ce ai waɗannan ba tsaranmu ba ne. To, mu dawo kusa. A watan Satumba na 2000 Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga Somaliya da maƙwabtanta saboda zazzaɓin Rift Valley. Makiyaya ne masu yawo kamar namu, suka rasa kasuwar layya ta aikin Haji shekara tara. Ba a buɗe wa Somaliya ƙofa ba sai a 2009, bayan an gina wuraren killace dabbobi a tashoshin Berbera da Bosaso, inda ake tsare su a duba su kafin su hau jirgi. Ba su tsarkake ƙasa duka ba, bakin ƙofa suka gyara.

Jamhuriyar Nijar kuma, wadda yawancin shanun da ke shigowa ta Illela da Jibiya da Maigatari daga can suke, tana gangamin allurar ciwon huhu kyauta kowace shekara, tana da ɗakin yin allura a Yamai. Tun daga 2003 ta fara wani tsari a yankuna irin su Dakoro, inda ake ba likita mai zaman kansa wani yanki, shi kuma ya horar da mataimaka daga cikin makiyayan kansu. Su ke yin allura, su ke kawo labari in dabba ta faɗi. Tsarin bai kashe ciwon huhu ba, amma ya kai malamin dabbobi inda motar gwamnati ba ta zuwa.

Sai dai akwai sabuwar matsala. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 ta tanadi takardar shaidar kiwo ta ƙetare iyaka, mai nuna yawan garke da allurar da aka yi masa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025, a watan Mayu na shekarar kuma Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Salla. Duk lokacin da aka rufe babbar hanya, dabbobi ta ɓarauniyar hanya suke bi, inda babu mai duba su.

TO, MU FA?

Ba doka muka rasa ba. Akwai dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda sabuwa ta 2022 ta maye gurbinta. Akwai Vom mai yin allurar huhu da ta saifa. A 2022 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 don shirin bunƙasa kiwo na L-PRES, a shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin sa wa dabbobi lamba. A watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Raya Kiwo, a watan Nuwamba kuma kamfanin JBS na Barazil ya sa hannu a kan niyyar zuba dala miliyan 2,500 a ƙasar nan, har da mayanka biyu na shanu. Gwamna Umaru Bago na Neja da Gwamna Sanwo-Olu na Legas su ma sun ƙulla yarjejeniyar samar wa Ikko abinci a 2024.

Jihar Neja ce za ta fi kowa cin moriyar wannan in ya tabbata. Ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, tana da makiyayar Bobi a Mariga, da kasuwannin shanu irin su Mariga da Beji, ita ce kuma mashigar Yamma ta Jebba. Amma ita ce za ta fi shan wuya in aka yi sake, don garake daga Sakkwato da Kabi da Zamfara nan suke gangarowa da rani, ga iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Borgu.

Ga inda gizo ke saƙa. Na farko, ba mu san yawan shanunmu ba. Ƙidayar jirgin sama ta 1990 ta ce kusan miliyan 14, an daɗe ana ambaton wajen miliyan 20, binciken Hukumar Ƙididdiga na baya-bayan nan kuma ya haura miliyan 50. Wanda bai san yawan garkensa ba, kwalbar allura nawa zai saya? Allurar huhu kuwa ƙarfinta ba ya daɗewa, sai an maimaita kowace shekara, sai kuma ta game mafi yawan shanu kafin ta yi tasiri.

Na biyu, rashin tsaro. Dazuzzukan Mariga da Rafi da Shiroro da Munya, inda shanu suke, nan ne 'yan bindiga suka hana ma'aikaci shiga. Shanun sata kuma ba sa jiran takarda.

Na uku, kuma shi ne babba, rashin tabbacin diyya. Makiyayin da ya san in ya kai rahoto za a tsare garkensa ko a kashe ba a ba shi kome ba, me zai yi in sāniya ta fara tari? Zai kai ta kasuwa da sassafe, ta hau mota, jibi tana Agege. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Botsuwana ta sami gaskiya daga bakin makiyayanta ne don sun san za a biya su.

Na huɗu, tsoron lamba. An soke jangali tun tsakiyar shekarun 1970, amma har yau Bafulatani in ya ga mai biro yana ƙirga masa shanu, haraji yake tunawa. Lambar kunne ba za ta karɓu ba sai ya ga amfaninta, wato allura kyauta, da saukin gano sāniyarsa in an sace.

ABIN DA ZA MU IYA ƊAUKA

A ganina shingen Botsuwana ba namu ba ne. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba tana iya tsaga daji da waya. A nan kuwa, inda rikicin burtali da gona bai kwanta ba, shinge sabuwar fitina zai haifar. Kashe garake dubbai ma ba mu da kuɗin diyyarsa. Amma akwai abubuwa huɗu da suka yi daidai da mu.

Daga Nijar, a ɗauki mataimakan likita daga cikin makiyaya, ta hannun arɗo-arɗo da sarakuna. Daga Somaliya, a gyara bakin ƙofa: a mai da Jebba da sauran mashigai irin su Lokoja da Makurɗi wuraren binciken gaske, masu likita da wurin killacewa, ba wuraren yankar rasit kawai ba. Daga Botsuwana, a ware asusun diyya wanda jiha da tarayya za su zuba wa kuɗi, a kuma biya da wuri. Daga Barazil, a koyi haƙuri, a sa kuɗin allura cikin kasafin kowace shekara ko da agaji ko babu, kada a maimaita kuskuren bayan JP15. In an yi haka, wuri kamar Bobi zai iya zama keɓaɓɓen yanki na farko, inda kowace sāniya ke da lamba da tarihin allurarta.

NAMU KASON

'Yan'uwa mazauna Kurmi, kada mu bar wa gwamnati kome. Kun ga abin da ya faru a ƙarshen Fabrairu na 2021, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da shanu ta tsai da motoci a Jebba bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun: cikin 'yan kwanaki nama ya yi tsada a Ikko. Wancan karo mu muka rufe hanya. Ran da annoba ta sa wata jihar Kudu ta rufe ta daga can ɓangaren, mu ne za mu zauna ba ciniki, kuma a zaman da ake ciki ba wuya a ɗora wa Bahaushen kara laifin cutar da bai san mafarinta ba.

Saboda haka sarakunan kara da na pawa da shugabannin ƙungiyoyi su tashi tsaye. Fatoma ya riƙa tambayar takardar lafiya da inda aka ɗauko kaya, ya rubuta a littafi. Dabbar da ta mutu a mota kada a yanka ta a ɓoye a sayar. A bar likitan mayanka ya yi aikinsa tun kafin yanka, ba a bi shi da roƙo ba. Ƙungiyoyi kuma su kafa ɗan asusu, ko da kaɗan-kaɗan ne a kan kowace sāniya, don rage wa wanda aka ƙwace wa dabba asara, yadda ba zai ji tsoron faɗin gaskiya ba. In kun je gida, ku tambayi 'yan majalisarku nawa aka ware wa allurar shanu a bana, nawa kuma aka fitar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gajiri gargaɗi ne, kuma ya zo mana da sauƙi. Allah Ya kiyaye mana dukiyarmu da lafiyarmu, amin.